Kunnen Hagu na Hifni Sallam

Sitti Wagiha ta kai ƙarshen maganarta, ta buga dunduniyar takalminta sau ɗaya a kan katako. Bugun ya bi ƙasa ya shigo tafin ƙafar Hifni Sallam. Ya juyo da tiren gahawa a hannu, ya zaro ido, ya ce, "Basha aka kama, uwar ɗakina?" Ya faɗe ta daidai inda ake so, ko kaɗan bai makara ba. Amma da ya saci kallon bayan kyamara sai ya ga Kiryako, Bagirken nan mai ɗaukar sauti, ya zare abin saurare daga kunnensa ya ɗaga hannu.

Hifni ya kafa wa bakin mutumin ido. Wai ya ji ƙara. Wai wani abu ya yi ƙwas ana dab da juyowa, kuma ƙwas ɗin ya hau kan maganar Sitti. Darakta, Ustaz Nabih, matashi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a Roma ba, ya ce a sake. Aka sake. Kiryako ya kuma ɗaga hannu, wannan karon har ya miƙe ya zagayo yana duban ƙafafun mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Abin da Kiryako bai sani ba, da shi da duk wanda ke cikin sutudiyon ban da Wagiha, shi ne Hifni ba ya ji. Kunnen hagu ya daɗe da mutuwa murus. Na dama kuwa, tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi 'yan shekarun baya, sai an matso an ɗaga murya yake tsintar wani abu. Da ɗan wannan saura yake jin kiran salla idan iska ta juyo, da shi yake kauce wa tiram, jirgin ƙasan nan na cikin gari.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana hawa dandamali a titin Imaduddin, layin gidajen wasa na Alƙahira, bai taɓa zama jarumi ba, bai kuma taɓa sa rai ba. Bara, mai gadi, dillali, kawun amarya mai ci da yawa, duk ya yi. A takardar talla sunansa na can ƙasa, inda yara ke fara yagewa. Da silima ta bunƙasa aka riƙa kiransa ya shigo da tire ya fita da tire. Mutanen Alƙahira ba su san sunansa ba, amma ya shiga tiram sai wani ya zunguri wani ya ce ga wanda ake mari.

Marin nan kuwa da gaske ne. Lokacin da Shukri Bey yake saurayi, shi ne jarumin barkwancin ƙungiyar wasansu, akwai wani wasa da suka yi shekara da shekaru, inda maigida ke wanke baransa da mari kafin a sauke labule. Shukri ya ce 'yan layin gaba sun biya kuɗi mai yawa, sun san ƙarar marin ƙarya, don haka babu wasa da hankalinsu. Hifni ya miƙa kuncin hagu. Jama'a suka yi ta dariya, Shukri ya yi suna, ya sayi ƙungiyar, ya ajiye tumbi, yanzu har fim yake zuba wa kuɗi. An ce an soke sarautu tun da aka kori sarki, amma je ka kira shi Shukri ziryan ka gani. Ga shi can zaune a gefen fitilu, jar dara a kan gwiwa, sigari mai kauri a baki, yana kallon yadda ake cin dukiyarsa.

A makon nan ne kuma zai zaɓi waɗanda za su bi shi Iskandariyya wasan bazara. Kowa ya san wanda aka bari a bazara ba a nemansa da hunturu. Bara waccan ya ajiye Ammu Girgis, wato Baffa Girgis, tsohon ɗan wasansu, saboda idonsa ya fara hazo, ya ce gidan wasa ba asibiti ba ne. Yanzu Girgis gyaɗa yake sayarwa a ƙofar wata silima, ƙarƙashin hotunan yaran da ya koya wa tsayuwa. Hifni kan sauya titi don kada ya wuce ta wurin, ba don ƙyama ba, don tsoro.

Dabarun da ya rayu da su ba su da yawa. Idan yana fuskantar mutum, leɓe yake karantawa, ya ƙware har ya fi masu kunne kama gulma daga nesa. Idan abin ya kuɓuce masa, a gidan gahawa ko a ɗakin kwalliya, yana da wani murmushi da ya tanada, ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, wallahi haka ne." Da wannan ya yi suna mutum mai sauƙin kai. Sau ɗaya ta ɓaci, ranar da Fahim mai kwalliya ya tsaya a bayansa yana gyara masa gashi yana ba shi labarin rasuwar mahaifiyarsa, Hifni ya saki murmushin ya ce wallahi haka ne. Tun ranar Fahim bai ƙara gaishe shi ba, shi kuwa sai daga baya ya ji dalili, ya rasa bakin ba da haƙuri.

Matsalar ita ce wurin da wasa ya ce ya ba da baya. Nan Wagiha ta shigo. Ita ce uwar kowa a ƙungiyar yanzu, a dandamali da wajensa, mace mai kaifin harshe da ta taɓa sa matasan birni kwana a layin tikiti. Wani dare ya rasa wurin shigarsa, ya tsaya ƙiƙam, sai ya ji katako ya motsa a ƙarƙashinsa. Ya juyo, ya faɗi tasa, wasa ya ci gaba. Daga ranar ya koma sa silifa mai siririn ƙasa, ita kuma ta koma takalmi mai tsini. Ba su taɓa zancen ba, ko sau ɗaya.

Kiryako ya tsaya a gaban Wagiha ya nuna takalmin. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita da wannan takalmin ta yi wasa a gaban manyan da shi ko ƙofarsu ba zai tsaya ba. Nabih ya lallaɓa ta, ya ce ai ƙafarta ba ta fitowa a hoto. Ta cire, tana mita, ta jefar gefe. Aka sake ɗauka. Ta buga da tsurar dunduniya, Hifni ya ji, ya juyo daidai, Kiryako ya ɗaga hannu. Yanzu wai ba ƙwas ba ne, dum ne. Nabih ya ce a shimfiɗa darduma. Aka kawo wata mai kauri aka malala daga ƙafar Wagiha har teburin gahawa, Hifni yana tsaye yana kallo ana binne shi.

Bai yanke ƙauna ba tukuna. Butar gahawar ta tagulla ce, an goge ta tana ƙyalli, ya ɗan karkata ta sai ga Wagiha a jikinta, 'yar ƙarama, a murɗe, amma ana ganin buɗewar baki da rufewarsa. Aka gwada ba tare da kyamara ba, ya juyo daidai. Har ya fara sakin numfashi sai mai kyamara ya ɗago kai ya ce butar tana walƙiya tana kashe masa hoto. Aka zo da sabulu aka shafe ta tas, ta koma dusu-dusu. Duk wannan ba wanda ya yi da mugunta, kowa aikinsa yake yi, abin da ya fi ci wa Hifni rai ke nan.

Aka ba da hutun gyaran fitilu. Zafi ya cika sutudiyon, an kashe fankoki saboda sauti, gumi ya jiƙa wuyan farar rigar barancinsa. Ya koma bayan wani bangon katako da aka zana taga a jiki, ya zauna a kan akwati. Wagiha ta biyo shi ba takalmi. Ta tsaya inda haske ke dukan fuskarta, ta yi magana da leɓe kawai, ba murya. Yau ce rana ta farko da ta yi masa haka, kunya ta rufe shi kamar an shigo masa banɗaki.

"Ka ce cikinka ke ciwo, ka tafi gida."

"Bey na zaune, Wagiha. In tafi da ƙafata ya ce na tsufa?"

"To ka tsufa mana, tsohon banza. Ni yarinya ce?"

Ya ce zai bi maganarta a zuci. Ya haddace nata kamar yadda ya haddace nasa, ya san inda take jan numfashi, ya san inda take haɗiye yawu. Ta dai yi yadda ta saba, kada ta ƙara kada ta rage. Ta gyara masa wuyan riga da ƙarfi kamar mai jin haushin rigar, ta ce Allah ya sa wancan ɗan Roman ya bar ta ta yi yadda ta saba.

Bai bar ta ba. Hifni ya riga ya ba da baya, ya ɗauki buta, lokacin da Nabih ya matso ya raɗa wa Wagiha ta yi shiru kaɗan kafin ta ambaci Basha, maigidan a fim, ta dubi ɗanta tukuna. Ɗan nata a fim shi ne Ra'uf, ɗan 'yar'uwar Shukri Bey, sabon jarumin da ake turawa gaba, kyakkyawa ba laifi, bahago, komai da hagu yake ɗauka har sai an tuna masa. Aka buga allon fara ɗauka. Hifni ya bi maganar a zuci, ya kai ƙarshe, ya juyo ya zaro ido ya tambaya ko Basha aka kama, alhali ba wanda ya ce an kama kowa. Ya ga bakuna sun buɗe, kafaɗu na rawa. Dariya ake yi.

Ya yi dariyar shi ma, ya dafa goshi, ya ce tsufa. Aka sake. Wannan karon ya ƙara jinkiri, ya yi yawa, ya juyo ya tarar Wagiha ta gama tuni tana tsaye da hannu a ƙirji, Ra'uf yana kallon rufi. Aka sake, ya kuma makara. Shukri Bey ya gyara zama, ya dubi gwangwanayen fim da aka ɓata, ya dubi Hifni.

Nabih ya taho har gabansa, fuska ja, gashi a hargitse.

"Ammu Hifni, don Allah, kai kurma ne?"

Duniya ta tsaya wa Hifni. Ya nemi murmushin nan ya rasa. Ta gefen ido ya ga Wagiha ta runtse nata. Amma Nabih ba amsa yake jira ba. Ya tsaya da baki buɗe, ya dubi tebur, ya dubi Wagiha, ya buga tafi. Ya juya yana yi wa mai kyamara bayani da hannuwa, Hifni bai ga bakinsa ba sai da ya waiwayo. Wai ai haka ma ya fi. A mai da baran kurma. Gida na rushewa, uwar gida na kuka, shi yana ta zuba gahawa bai san abin da ake ciki ba. Shukri Bey ya gyaɗa kai, ya ce za a yi dariya.

To, kurman wasa Hifni ya iya shi tun yana yaro. Aka buga allo, ya juyo ya kafa tafin hannu a bayan kunne, ya karkace baki, ya ce "Eh? Eh? Me kika ce?" da ƙarfi, yana tangaɗi. A titin Imaduddin da wannan kaɗai sai 'yan saman bene su faɗo don dariya. Nabih ya kama kansa da hannu biyu. Ya ce wannan kurman dandamali ne, kyamara ba ta cin irinsa. Aka sake, Hifni ya rage tangaɗin, ya bar hannun. Nabih ya ce har yanzu ƙarya ce, ana ganin mutum mai ji yana kwaikwayo.

"Shekara talatin kana wasa, ba ka taɓa zama da kurma ka lura da shi ba?" in ji Nabih. "Sau ɗaya ya rage. In bai yiwu ba in aika gidan gahawa a ɗauko mini wani tsoho, ga su can zube."

Hifni ya koma teburinsa ya ba da baya. Lissafin a fili yake, ba ya buƙatar dogon tunani. In ya sake yin na ƙarya, za a sallame shi a gaban Bey, Iskandariyya ta tafi. In ya yi na gaskiya, mutanen nan ba jakuna ba ne, da yawansu ya fi shekara goma yana shan gahawa da su. Ta ko'ina gyaɗar Girgis yake hangowa. Sai wani abu ya taso masa wanda ya fi tsoron ƙarfi, haushi ne, na ɗan wasan da aka ce bai iya ba. Yaron da aka haifa shi Hifni yana kan dandamali ne zai ce masa bai san kurma ba?

Ya ga inuwar allo ta motsa a bango. Ya ɗauki buta. A karo na farko cikin shekaru ya daina saurare da ƙafa, ya daina ƙirga numfashin kowa, ya daina satar kallo. Ya bar shirun ya rufe shi, sai ya ji ashe hutu ne. Ya zuba gahawa a hankali, ya goge bakin finjali da gefen yatsa, ya daidaita shi a tsakiyar tire. Da ya gama, a lokacin da ya ga dama, ya juyo.

Wagiha na tsaye hawaye na zuba, kuma ya san kukanta na wasa, wannan ba shi ba ne. Bai san ko ta faɗi maganar ko ba ta faɗa ba. Ya dubi bakinta, a rufe. Ya dubi na Ra'uf, ya dawo nata, da saurin nan na mai neman inda zance ya tsaya. Bai samu ba. Sai murmushin ya zo da kansa, ya gyaɗa kai, ya miƙa mata tiren.

"Haka ne," ya ce. "Wallahi haka ne."

Shiru ba abin da yake ji ba ne, amma yana ganinsa. Babu bakin da ke motsi a sutudiyon. Nabih kaɗai ya yi tsalle ya rungume mai kyamara, yana cewa wannan ita ce silima, shi da bai san komai ba. Sauran sun san murmushin. Kowannensu an taɓa ba shi irinsa, a gidan gahawa, a tiram, a bayan labule. Fahim mai kwalliya ya tsaya da hoda a hannu, bakinsa ya ɗan buɗe, sannan ya sunkuyar da kai. Kiryako ya zare abin saurarensa a hankali, ya dubi takalmin Wagiha da ke yashe a gefe, ya daɗe yana dubansa.

Shukri Bey ya miƙe. Ya taho da nauyin jikinsa ya tsaya a gaban Hifni, ba a gefe ba. Tsakanin gashin baki da sigari, bakinsa ne ya fi na kowa wuyar karantawa, duk shekarun nan da hasashe Hifni yake amsa masa. Yau sai ya cire sigarin, ya riƙe a hannu, ya buɗe baki sosai yana magana a hankali.

"Tun yaushe?"

"An jima, Bey."

"Wanne ne?"

"Na hagu ne ya fara."

Shukri ya dubi hannunsa na dama, wanda ke riƙe da sigarin. Ya mai da sigarin hagu, ya cusa hannun a aljihu. Hifni ya jira. Bai san ko haƙuri za a ba shi ko sallama ba, kuma ya rasa wanne ya fi tsoro.

"Za ka Iskandariyya," in ji Shukri.

Hifni ya buɗe baki zai yi godiya, Shukri ya ɗaga yatsa, bai gama ba. Idonsa ya fara ƙyalli irin na da, na lokacin da yake jin ƙamshin cikar gida. Ya ce tsohon wasan nan za su dawo da shi, na maigida da bara, amma baran kurma. Ra'uf zai hau matsayinsa na da. Ya yi ta kira, ya yi ta kira, Hifni ya juyo ya yi wannan murmushin, wannan dai na yanzu, kada ya canza komai, ya ce wallahi haka ne. Sannan mari, sannan labule. Ya ce ya rantse gidan sai ya tsage.

Wagiha ta yunƙuro, Hifni ya ga jijiyar wuyanta ta tashi, ya ga kalmar farko da ta ɗauko, ba mai daɗi ba ce. Ya girgiza mata kai kaɗan. Ta haɗiye, ta juya baya.

Ya dubi Ra'uf. Yaron ya karɓi finjalin da aka zuba, yana kurɓa, da hagu. Hifni ya daɗe a sana'ar, ya san inda hannun hagu ke sauka idan mutum na fuskantarka: a kunnen dama, wanda ya rage masa.

"Alfarma ɗaya, Bey."

"Faɗi."

"Yaron bahago ne. Ka sa ya koyi yi da dama kafin mu tafi. Ya sauka inda naka ya saba sauka."

Shukri ya dubi kunnen, ya kau da kai, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, akwai lokaci. Ya dafa kafaɗar Hifni, ya mai da sigarinsa baki, ya ƙara wata magana mai ɗan tsawo, gashin baki na motsi, hayaƙi na fita. Ko tausayi ne, ko ranar tafiya ce, ko barkwanci, Hifni bai kama ko kalma ɗaya ba. A can gefe Wagiha ta zauna a kan akwati tana sa takalminta, ba ta ɗago ba.

Hifni ya gyara riƙon tire, ya gyaɗa kai.

"Haka ne, Bey," ya ce. "Wallahi haka ne."